Likkafanin da Na Saya wa Ƙanina

Ni na goyi ƙanina. Innarmu ta rasu yana rarrafe, ni kuwa ko ɗaurin zani ban gama iyawa ba, amma ta kamo hannuna ta ɗora a kansa ta ce, "Ga amanarki nan." A bayana ya yi wayo, da kunun da nake ɗura masa ya yi ƙwari. Shi ya sa ranar da ya shigo gida yana washe baki ya ce mini wai ya shiga soja, ban tsaya yi masa magana ba, muciya na rarumo na bi shi har bakin ƙaramin kanal ɗin ruwa da ke bayan gidanmu. Ya tsallake, ya tsaya daga can ƙetare yana dariya yana cewa, "Yaya, ki yi haƙuri, an riga an ɗauke ni." Na ce to ya je, amma kada ya kuskura ya kawo mini zancen bariki cikin gida. Na kuwa riƙe maganata. In ya zo hutu ya fara labarin aikinsu, sai in tashi in ba shi wuri. Ko muƙaminsa ban sani ba, ban kuma nemi in sani ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ya ratsa gonaki ake noman rani. Mijina ya rasu ya bar ni da yara, sai na kafa tukunya a bakin gona ina sayar da shinkafa da wake ga 'yan ƙwadago da direbobin da ke lodin tumatir. Gabas da inda nake zama akwai wani dutse, ta wajen hanyar Rano. Ba wani tsawon a zo a gani ne da shi ba, amma santsi gare shi kamar bayan ƙwarya, kuma a tsakiyarsa akwai wata tsaga mai zurfi da ƙudan zuma suka mayar gidansu tun zamanin kakanninmu. Ko awaki ba sa son hawa can.

Shekarar da nake magana soja ke mulki. Wanda bai ga lokacin ba, ba zai gane irin tsoron kakin da muke yi ba. Da idona na ga dattijo mai furfura yana tsallen kwaɗo a tasha don ya tsallake layi. A rediyo muna jin labarin waɗanda aka ɗaure a jikin duro aka harbe, jama'a kuma suka je kallo har da masu tallar gyaɗa. Cikin wannan hali ƙanina ya zo hutu. Tumatir ya nuna, aiki ya yi yawa, sai ya ajiye kakinsa ya shiga taya direbobi ɗaure kwanduna.

Akwai wani mai awon ƙasa cikin ma'aikatan ruwa, Kirista ne mutumin Filato, kullum a wajena yake cin abinci. Hausa a bakinsa kamar a Kura aka yanke masa cibiya. Mama yake ce mini, alhali na san ya girme ni, ni kuma in ce masa mai awo. Ran nan ya ci ya wanke hannu, ya saɓa ƙarfen awonsa mai ƙafa uku, shi da abokin aikinsa suka tashi. Ina fama da wuta, ban lura da inda suka nufa ba. Ashe dutsen nan za su hau, wai daga sama za su hango inda za a ja sabon kanal.

Rana ta take tsaka sai ga abokin aikin nan a guje, riga a ka, yana faɗuwa yana tashi, yana ihu, "Zuma! Zuma! Ya faɗa ciki!" Da kyar aka gane abin da yake faɗa. Ƙudan zuma sun taso musu, mai awo ya ruga yana kare fuska, ƙafarsa ta zame, ya faɗa cikin tsagar. Maza suka yi cirko-cirko. Wani ya ce a je Kura a kira 'yan kwana-kwana, wani ya ce kafin su zo ai an yi sadakar uku. Ina juyawa na ga ƙanina yana kwance igiyar da aka ɗaure kwandunan tumatir a kan mota.

Na riƙe masa riga. Na ce, "Ina za ka?"

Ya ce, "Yaya, sake ni."

"Ba zan saka ba. Ubanka ne a ciki?"

"Mutum ne a ciki, Yaya."

Ya fizge, ya bar mini hannun rigar a hannuna. Ya tsoma buhu cikin kanal ya rufa a ka, ya ce a ɗebo busasshen kashin shanu da karan alkama a kunna don hayaƙi. Da maza suka ga ya yi gaba, kunya ta kama wasu, suka bi shi. Ni ma na bar tukunyata a kan wuta na bi su, ina hawa da hannu da gwiwa, ina zaginsa ina yi masa addu'a, duk a numfashi guda.

Tun kafin mu kai sama muke jin ƙarar ƙudan zuman, kamar an tayar da injin ban ruwa a cikin dutsen. Aka ɗaure igiyar a jikin wani gamji da ya tsiro a gefe, maza suka jeru suka riƙe, kowa ya duƙunƙune kansa cikin riga. Ni na kama jelar igiyar. Ƙanina ya ɗaura ta a ƙugu, ya riƙe damin kara mai hayaƙi, ya yi bisimilla ya zura ƙafa. Ina kallo buhun kansa ya shige, tsagar ta haɗiye shi. Daga nan ba abin da nake ji sai motsin igiya a tafin hannuna. In ta motsa in ce yana raye, in ta tsaya in ji fitsari ya kama ni. Ƙudan zuman sun harbe ni a wuya da hannu ban ma sani ba sai daga baya.

Can sai muka ji muryarsa daga ƙasa, "Ku ja!" Aka ja, aka ja, sai ga mai awo ya fito a sanƙame, jini a goshi, ƙafa tana lilo. Shi kaɗai. Na kalli igiyar na ga ba kowa a ƙarshenta sai shi. Wato ƙanina ya kwance ta daga jikinsa ya ɗaura wa wani, ya tsaya can ƙasa ba igiya, hayaƙinsa kuma ya mutu. Wayyo Allah! Na faɗa kan mazan nan ina dukansu, ina cewa su mayar, su mayar. Suka kasa kwance ƙullin, sai da wani direba ya sa haƙori. Aka sake zura ta. Shiru. Na kwanta rub da ciki a bakin tsagar ina kiransa da sunan da nake kiransa tun yana goye. Sai igiyar ta yi nauyi.

Wajen fitowa ya bugu da dutse, ƙaurinsa ya karye, duk muka ji ƙarar. Da aka jawo shi waje, wallahi ba don wandonsa ba da ban gane shi ba. Fuska ta haye, ido ya rufe, leɓe ya yi suntum. Abin da ya fara cewa wai, "Yana numfashi?" Na ce, "Yana yi, ɗan banza, yana yi." Na rungume kansa na fashe da kuka.

Mai awo aka sa shi a motar tumatir aka yi asibitin birni da shi, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ƙanina kuwa gida muka kawo shi. Na zauna ina tsince masa ƙayoyin harbin ɗaya bayan ɗaya, maɗori daga ƙauyen gaba ya zo ya ɗora ƙafar. Zazzaɓi ya rufe shi, ya daɗe bai san inda kansa yake ba. Da ya fara dawowa hayyacinsa, ina ba shi kunu a baki kamar da, sai ya ce, "Yaya, na ga mutuwa a ramin nan. In na warke zan je in ajiye musu kakinsu, in dawo in kama gonar Baba." Na ci gaba da ba shi kunu don kada in yi magana ya fasa, amma ranar har waƙa na yi ina tankaɗe.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Hutunsa ya ƙare yana kwance. Mun ba wani direba saƙo ya kai bariki, direban ya wuce kudu da kaya, ba mu san ko ya biya ba. Ana cikin haka rediyo ta faɗi cewa an kama wasu manyan sojoji, wai sun ƙulla juyin mulki, ana kuma neman waɗanda suke tare da su. Na ga ƙanina ya ajiye cokali. Na ce lafiya? Ya ce, "Yaya, sojan da ba a gan shi a bakin aiki ba a irin wannan lokaci, ba a tambayarsa ina ya je. Cewa za a yi da shi aka yi, ya gudu." Tun daga ranar in na ji ƙarar mota sai in leƙa hanya.

Ranar da suka zo, an ɗora shi a jaki an kai shi wajen maɗori a duba ƙafar. Ina bakin gona ina zuba wa mutane abinci sai na hango koriyar mota ta biyo gefen babban kanal. Kafin ta tsaya, wurin nan da ke cike da maza ya zama wayam. Wani har takalminsa ya bari. Wani ƙaton soja ya sauko, baƙi, da gashin baki, na ji sauran suna ce masa saje. Ba Bahaushe ba ne, irin Hausar barikin nan ce a bakinsa, wadda ba ta san mace ba ta san namiji ba. Ya ambaci sunan ƙanina ya ce, "Kai ne yaya nasa?"

Na ce ni ce. Na ce ba ya nan.

Ya ce, "Oga ya ce a kawo shi bariki. Za a rataya shi. A nan." Ya kai hannu ya buga saman ƙirjinsa, kusa da wuya. "Gaban mutane duka. Oga babba zai ba shi igiya da hannu nasa."

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Shi kuwa dariya yake yi, haƙora fari tas. Dariyar nan ta fi komai kashe mini jiki. Na ce a raina, wato har sun saba, ran mutum bai kai musu na kaza ba. Ya ce za su dawo bayan kasuwar Bunkure, a gaya masa ya yi aski, ya wanke kakinsa ya goge. Har ya leƙa tukunyata ya ce abincin yana ƙanshi. Suka shiga mota suka tafi.

Ban san yadda na kai gida ba. Ana sauke ƙanina daga jaki na ja shi ɗaki na tura ƙyaure. Na ce, "Sun zo. Rataye ka za su yi."

Ya dube ni ya ce, "Haka suka ce?"

"Da kunnena na ji. Har wuyansa ya nuna mini. Har igiyar ya ambata, wai babban ogan da hannunsa zai sa maka."

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya jingina da bango, na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi. Yaron da ya shiga ramin zuma bai waiwaya ba, ga shi ya ƙanƙame sanda da hannu biyu.

Na ce ya tashi, na riga na gama shawara a hanya. Akwai motar tumatir da za ta tashi zuwa Ikko, direban yana jin nauyina, za a yi masa wuri a tsakanin kwanduna a rufa tamfol. Wa zai sauke lodin tumatir yana neman mutum? Ya girgiza kai. Na ce to ya ɓuya a rumbu. Ya ce a'a. Na yi faɗa, na yi zagi, na durƙusa na kama ƙafarsa mai lafiyar, na tuna masa da Inna. Ya ce, "Yaya, sun ga fuskarki, sun san wurin sana'arki. In suka zo ba su same ni ba, ke za su ɗauka. Yaran nan fa, wa zai riƙe su? Kuma in na gudu na tabbatar musu ke nan." Na ce su ɗauke ni ɗin mana. Ya ce bai yarda ba.

Na je wajen mai unguwa, ya ce maganar soja ta fi ƙarfin rawaninsa, sai dai addu'a. Ƙanina kuwa ya ɗauki sandarsa ya shiga bin gida-gida yana neman gafara, kamar mai shirin tafiya Makka. Mata suna kuka a bayan zana, maza suna sunkuyar da kai suna cewa sun yafe duniya da lahira. Rediyonsa ya ba babban ɗana. Ni ce na wanke kakin, na goge shi da dutsen guga na gawayi, hawaye yana ɗiga a kai yana ƙonewa.

Ranar kasuwa na tafi Bunkure ban gaya masa ba. Na ji ana cewa waɗanda hukuma ta kashe ba a yi musu sutura, rami guda ake turawa. Na ce ba dai amanar Inna ba. Na wuce 'yan tumatir, na wuce 'yan shinkafa, mutane suna gaishe ni ina amsawa ban san me nake cewa ba, har rumfar mai yadi. Na ce ya yanko mini farin alawayyo.

Ya ce, "Allahu akbar. Na babba ko na yaro?"

Na ce, "Na babba. Dogo ne."

Yana aunawa ya ce, "Allah ya jiƙansa. Wa ya rasu?"

Na ce, "Bai rasu ba tukuna."

Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai ya ci gaba da yanka, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Ni da ko allura sai na taya, ranar abin da ya faɗa shi na miƙa masa. Na ƙunshe yadin cikin tsohon zani na rungume a ƙirji har gida.

Da suka dawo, na ce ƙafata ƙafarsa. Saje ya ce ba laifi, ai gara ma in zo in gani. Ka ji fa, in gani! Muka shiga bayan mota. Garin kaf ya fito bakin hanya. Muna tafe gefen kanal, ƙanina yana kallon gonakin alkama kamar zai haɗiye su. Wani soja ya miƙa masa goro, wani ya daddaɓa masa kafaɗa. Can wajen Kura ya yi ƙarfin hali ya ce, "Saje, me na yi?" Saje ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai ba ka san abin da ka yi ba? Bariki duka ya sani." Ni kuwa na ƙanƙame ƙunshina.

A ƙofar bariki aka raba mu. Suka yi wani gini da shi, ko waiwayowa bai samu ya yi ba. Ni aka kai ni ƙarƙashin wata rumfa a gefen wani makeken fili, cikin matan sojoji. Sun ci ado, sun zo da 'ya'yansu, ga masu tallar ruwan sanyi suna zagayawa. Na tuna masu tallar gyaɗar da ake faɗa a wajen harbi. Wata ta dube ni ta ce, "Ke ce yayarsa? Kai, sannu! Matso gaba ki gani da kyau." Ta ja ni har layin farko. A tsakiyar filin akwai wani dandamali, a gefensa wani dogon ƙarfe a tsaye, da farar igiya tana reto a jikinsa. An ce tuta ce a samansa. Ni dai idona bai kai can ba, a kan igiyar ya tsaya.

Aka buga badujala, sojoji suka yi ta taka ƙasa har ina jin ta a haƙorana. Sai wani ya tsaya a gaban lasifika ya shiga karanta magana da Turanci, da murya irin ta alƙali. Ban ji komai ba sai sunan ƙauyenmu da sunan ƙanina. Sai ga shi an fito da shi, cikin kakin da na goge, yana ɗingishi, soja a dama soja a hagu. Yana ta waige-waige wajen rumfarmu. Ashe shi an riga an gaya masa a ciki, nemana yake ya yi mini alama. Ni kuwa na ɗauka kallon ƙarshe yake so ya yi mini. Suka tsayar da shi daidai gindin ƙarfen nan. Wani babba mai jan abu a wuyan riga ya sauko daga dandamali, ya tako har gabansa, ya ɗaga hannu biyu ya nufi wuyansa.

Ban san sa'ad da na tsallake igiyar da aka kewaye filin da ita ba. Ina gudu ina ihu, "Ku rataye ni! Ni na goye shi! Ƙafarsa ce ta karye, wallahi ba gudu ya yi ba!" Sojoji suka tare ni, na ciji ɗaya a hannu, na kubce, wani ya riƙo zanina. Cikin kokawar nan ƙunshin ya suɓuce, ya faɗi ya warware. Farin yadin ya mirgina ya shimfiɗu a ƙasa, a gaban babban nan, a gaban kowa. Masu badujala suka tsaya. Wasu da suka fara dariya suka haɗiye ta, don ba wanda bai san me ake yi da irin yadin nan ba.

Sai na ji an ce, "Mama! Mama!" Na juya na ga mai awo yana tahowa a kan sandunan asibiti, ya rame sai idanu. Ya ce, "Mama, me kike yi? Wa ya ce miki rataye shi za a yi?" Na nuna saje, na faɗi abin da ya gaya mini. Mai awo ya dafe kai. Ya ce, "Rataya masa za a yi, Mama, ba rataye shi ba. Lambar yabo ce, ga ta can a hannun oga. Ni na sa aka kawo ni nan da na farfaɗo, na faɗa musu abin da ya yi mini." Na ce igiyar fa? Ya kamo hannun rigar saje ya nuna mini wasu 'yan ƙyallaye masu lanƙwasa da aka ɗinka a kai, ya ce, "Wannan ita ce igiya a wajensu. Ƙarin girma za a yi masa."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ƙanina an hana shi motsi, yana tsaye ƙiƙam, hawaye yana bin kumatunsa, idonsa a kan yadin. Babban nan ya sunkuya da kansa ya tattara shi, ya kakkaɓe, ya ninke, ya miƙo mini da hannu biyu. Ashe yana jin Hausa. Ya ce, "Baiwar Allah, tashi. Tunda ke kika goye shi, ke za ki rataya masa." Ya sa mini wani ɗan ƙarfe mai sheƙi a tafin hannu, da ƙyalle a jikinsa. Na kasa maƙalawa, sai da ya riƙe mini hannu. Na maƙala shi a ƙirjin ƙanina, filin ya ɗauki tafi, matan rumfa suna guɗa.

A hanyar gida muka yi ta faɗa. Ya ce da na faɗa masa maganar yadda sajen ya faɗe ta, da ya gane tun a ɗaki. Na ce rufe mini baki, mutum ya zo garin mutane bai iya magana ba, sannan a ce laifina? Har yau ina nan a kan bakana, laifin sajen nan ne. Muka yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Muna dab da gari, mutane sun hango shi a raye sun fara kabbara, sai ya shafa abin da ke ƙirjinsa ya ce a hankali, "Yaya, yanzu in na ce zan ajiye aiki, me za a ce?" Na daina dariya. Daga ranar bai sake tayar da zancen gonar Baba ba.

Ya koma bakin aiki. Igiyar ta zama biyu, ta zama uku, na ma koyi ƙirga su. Bayan wasu shekaru aka tura su wata ƙasa can bakin teku inda ake yaƙi. Wata rana ina bakin tukunyata, na sake hango koriyar mota ta biyo gefen kanal. Wanda ya sauko wannan karon Bakano ne. Ya yi sallama, ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa ya kira ni Yaya. Hausarsa tas. Na saurara da kyau, ina neman inda zan ce ban gane ba, ko inda harshensa ya karkace, ban samu ba. Na sa ya maimaita, ya maimaita. Akwatinsa suka kawo mini, da lambar a ciki. Gawarsa kuwa sun ce a can aka binne ta.

Yadin yana nan a ƙasan adakata, ya ɗan yi ja a wajen ninkin, lambar tana naɗe a cikinsa. Na gaya wa 'ya'yana da shi za a yi mini sutura. Babbar 'yata ta taɓa warware shi ta ce, "Inna, ai wannan ya yi miki yawa, sai an rage." Na ce tsawonsa aka auna, kada wanda ya sa masa almakashi.